Sun ce in share hawaye, wai ɗana yana wurin Ubangiji

Mai Makoki:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba. Yau ma na rubuta na goge ya kai sau huɗu. Wata 5 ke nan da rasuwar ɗana, shekararsa 7. Ciwon ƙoda ne. Mun yi wata 4 muna jinya. An yi addu'a, an yi azumi, akwai daren da 'yan'uwa suka kwana a tsaye a kansa suna roƙo, ni ma na gaskata da zuciya ɗaya cewa zai tashi. Bai tashi ba.

Ranar da za a binne shi ina kuka, wata babba a cikinmu ta dafa kafaɗata ta ce, "Share hawayenki, kada ki ba Shaiɗan dariya, yaron yana wurin Ubangiji." Na haɗiye kukan. Tun daga ranar ban ƙara iya kuka a gaban mutum ba, addu'a ma ta ƙi fita. Shekarata 11 a cikin mawaƙa, yanzu in na buɗe baki sai maƙogwaro ya shaƙe. Takalman makarantarsa suna nan bayan ƙofa inda ya tuɓe su, ɗaya a kife. Na kasa ɗauka, na kuma hana kowa taɓawa. Sati biyu da suka wuce wani ya ce in binciki kaina, wai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina jin haushin Allah, ga gaskiyar magana. Zunubi ne? Ta'aziyyar nan da ake ta wa'azinta, a ina take? Don Allah kada a ce mini "haƙuri" kawai, na ji shi har kunnena ya gaji.

Sojan Gicciye:
Yayata, tashi ki tsaya! Romawa 8:28 ta ce kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Irmiya 29:11 ta ce shirin da Allah yake da shi dominki na alheri ne. Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Ayuba ya rasa kome amma an mayar masa ninki biyu. Ki tsauta wa ruhun baƙin ciki cikin sunan Yesu, ki koma cikin mawaƙa ranar Lahadin nan. Yabo shi ne makaminki!

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙanena, ka karanta abin da ta rubuta kuwa, ko kan maganar kawai ka gani ka fara zuba ayoyi?

Baba Dattijo:
'Yata, sannu. Sannu ƙwarai. Kafin in ce kome, bari in fara cire miki ƙayar nan ta ƙadangare, don ita ce ta fi ci mini rai.

Wanda ya faɗa miki haka ba sabon abu ya kawo ba. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, maganarsu ke nan tun daga sura 4 har tsakiyar littafin: lalle akwai abin da ka yi, mai gaskiya ba ya shan irin wannan. Sun iya magana, sun san Allah a baki, wasu jimlolinsu ma in aka ɗauko su aka ɗora a allon majami'a ba wanda zai ce uffan. Amma ki buɗe sura 42 aya 7. Allah da kansa ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Wane Ayuba? Wanda ya la'anci ranar haihuwarsa a sura 3, wanda ya ce Allah ya mai da shi abin bārata, wanda ya nemi a ba shi wuri ya kai ƙara. Shi aka ce ya faɗi daidai. Masu kāre Allah kuwa sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Yesu ma an kawo masa wannan tunanin sau biyu. A Yohanna 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce kada ku zaci sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Saboda haka bangonki bai tsage ba. Ciwon ƙoda ne ya kama yaro, kika yi jinyarsa wata 4 ba ki gudu ba.

Abu ɗaya abokan Ayuba suka yi daidai, shi ma a farko: sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 dare da rana, ba wanda ya ce masa kome, don sun ga zafin ya yi yawa. Da suka buɗe baki ne kome ya lalace.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba ya gama magana a kan wancan. Ni zan ɗan taɓa ayoyin da ɗan'uwa Soja ya kawo, ba don in kunyata shi ba, ni ma da su na girma.

"Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa" ba aya ba ce. Abin da ke 1 Korintiyawa 10:13 magana ce a kan jarabar faɗawa zunubi, cewa Allah zai buɗe hanyar tsira. Game da wahala kuwa, Bulus da bakinsa ya ce a 2 Korintiyawa 1:8 abin da ya same su a Asiya ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, har suka fid da rai da rayuwa. Manzo ne fa. To in abu ya fi ƙarfin yayarmu, ba ita ce ta farko ba.

Irmiya 29:11 kuma wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta zuwa Babila. Aya ta 10 da ke gabanta ta ce sai shekara 70 sun cika. Yawancin manyan da aka karanta wa wasiƙar nan a can aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma bai ce gobe da safe ba.

Sojan Gicciye:
To malam, sai mu ce mata ta zauna cikin baƙin ciki har abada? 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta ce kada mu yi baƙin ciki ba? Filibiyawa 4:4 ba ta ce mu yi farin ciki kullum ba? Ku masu karatu kuna sanyaya wa mutane bangaskiya da yawan bincike.

Ɗalibin Tauhidi:
Ƙarasa ayar mana. Kada ku yi baƙin ciki *kamar sauran da ba su da bege*. Irin baƙin cikin aka bambanta, ba a hana shi ba. A cikin wasiƙar Filibiyawan da ka ambata, sura 2 aya 27, Bulus ya ce da abokin aikinsa Abafroditus ya mutu da baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki. Mutumin da ya rubuta "ku yi farin ciki" shi ne ya rubuta wannan, a takarda ɗaya, yana ɗaure. Da aka jajjefe Istifanus, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce masu tsoron Allah suka binne shi suka yi masa makoki mai zafi. Ba wanda ya ce musu suna ba Shaiɗan dariya.

Kaka Mai Jikoki:
Ku yara kuna ta jifan juna da ayoyi a kan uwar da ke zub da jini a ciki. 'Yata, yaya sunan da kike kiransa da shi a gida? Kada ki rubuta a nan. Ki faɗa da ƙarfi a ɗakinki. Mutane sukan daina ambaton sunan yaro don kada su tayar wa uwa da hankali, ba su san shirun ne ke kashe ta ba. Na binne biyu, na san abin da nake faɗa.

Mai Makoki:
Mama, kin taɓa wurin. Ba mai kiran sunansa yanzu. Ko babansa.

Mijin Marigayiya:
'Yar'uwa, ni ba malami ba ne, abin da ya faru da ni kawai zan faɗa. Shekara 9 ke nan da matata ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririyar. A watannin farko an kawo mini ayoyi kamar ruwan sama. Wallahi ko ɗaya ban riƙe ba. In mutum ya fara "Littafi ya ce" sai in ji kamar ana magana a wani ɗaki.

Akwai wani tsoho a ikilisiyarmu, ba ya wa'azi, ko addu'a a gaban jama'a ba ya so a ba shi. Kowace Alhamis da yamma sai ya zo ya zauna. Ba ya tambayata yaya nake. Wata rana ya lura ƙofar ɗakina tana ƙara, mako na gaba ya zo da man inji ya ɗiga wa ƙarfen, ya buɗe ya rufe ya buɗe ya rufe har ta yi shiru, ya koma ya zauna. Ya yi wata 8 yana zuwa. A wata na shida ne na ce masa, "Baba, ni fa na daina addu'a." Na zaci zai yi mini faɗa. Ya ce, "Ba kome, ni ina yi a madadinka, in ka warke ka karɓi kayanka."

Daga baya na ga Romawa 8:26, a surar da aka ɗauko miki aya 28. Ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa da baki. Nishi fa aka ce. Ashe abin da nake yi da dare ina juyi a kan gado ba a bar shi ya zube ƙasa ba. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, balle wanda ya halicci kurciyar.

Ba zan ce miki ya wuce ba. Har yau in na ji kukan jariri sabon haihuwa sai cikina ya juya. Amma ina tsaye, na kuma koma addu'a, ko da yake ba irin ta dā ba ce, ta yanzu gajeriya ce kuma ba ta da ado.

Mai Tambaya:
Ku gafarce ni, zan faɗi abin da wasu ke tunani suna tsoron rubutawa. Duk wannan yana da daɗin ji, amma bai amsa kome ba. Allah yana da iko ya warkar da yaron, ko ba shi da shi? In yana da shi, me ya hana? An ce Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. To, ya yi kuka, amma ai ya ta da shi bayan kwana 4. Ita wata 5 ke nan. Mene ne amfanin Allah mai kuka tare da kai in yana da maganin a hannu bai bayar ba?

Sojan Gicciye:
Wannan saɓo ne. Shugaba, a goge wannan.

Shugabar Zaure:
Ba za a goge ba. Marta da Maryamu, 'yan'uwan Li'azaru, duk sun ce wa Yesu a fuskarsa da kana nan da ɗan'uwanmu bai mutu ba, bai kore su ba. A ci gaba, amma da ladabi, a kuma tuna wadda ta buɗe maganar tana karantawa.

Baba Dattijo:
Ɗana Mai Tambaya, tambayarka ta fi wasu amsoshin da na ji a kan bagade daraja. Zan faɗa maka iyakar abin da Littafi ya ba mu, ba zan ƙara gishiri ba.

Yana da iko. Kuma ba kowa yake tsamowa ba. Ka duba Ayyukan Manzanni 12. A aya ta 2 Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. 'Yan ayoyi kaɗan bayan haka mala'ika ya shiga kurkuku ya kwance wa Bitrus sarƙa, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Sura ɗaya, ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya. Luka, marubucin littafin, bai ce mana Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba, bai kuma ce an fi yi masa addu'a da kyau ba. Ya rubuta duka biyun ya wuce. Ni nakan yi tunanin gidan su Yakubu a daren da ake murnar fitowar Bitrus. Ibraniyawa 11 ma haka take: ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki, sannan ba tare da ta ja numfashi ba ta shiga waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, ta ce dukansu an yi musu shaida saboda bangaskiya. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba.

Ayuba kansa, har littafin ya ƙare ba a gaya masa abin da ya faru a sura 1 da 2 ba. Mu masu karatu mun sani, shi bai sani ba. Allah ya zo a guguwa a sura 38, ya yi magana sura huɗu, bai ce masa ga dalili ba. Abin da Ayuba ya samu shi ne, dā da kunne nake jin labarinka, yanzu idona ya gan ka.

To me ya hana ni tattara nawa in tafi? Shekarata 74, na tsaya a bakin kaburbura da yawa. Abin da ya riƙe ni shi ne, wanda muke tuhuma bai zauna a inuwa ya aiko mana da bayani ba. A Getsamani Yesu ya roƙa sau 3 a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba. A kan gicciye, Markus 15:34, ya ɗaga murya da farkon Zabura 22, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Wato tambayar nan taka, "me ya hana?", ta riga ta fita daga bakin Ɗan Allah. Uban kuma ya san abin da ake nufi da a binne ɗa. Wannan bai ba ni dalilin mutuwar yaron 'yata ba. Ya dai hana ni cewa Allah bai damu ba.

Game da Li'azaru, ka yi gaskiya, an ta da shi. Amma ya sake mutuwa daga baya, aka sake yi masa kuka. Begenmu ba irin tashin Li'azaru ba ne, irin na Yesu ne, wanda ba mutuwa a bayansa. Ka kuma lura da abu ɗaya: da Yesu ya tashi, bai tashi da fata sumul ba. Ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi, ya ce sa yatsanka. Ba a share abin da ya faru kamar bai faru ba.

Mai Tambaya:
Baba, na gode da ba ka yi mini kwana-kwana ba. Ban gamsu duka ba. Har yanzu ina ganin da ya warkar da yaron da ya fi.

Baba Dattijo:
Ni ma haka nake gani, ɗana.

Ma'aikaciyar Jinya:
Bari in sauko da maganar ƙasa kaɗan. 'Yar'uwa, kina barci? Kina cin abinci? Ina tambaya ne don na ga iyaye da yawa bayan doguwar jinya, jikinsu ya saba da tashi kowane awa biyu don duba yaro, yaron ya tafi amma jikin bai samu labari ba.

A 1 Sarakuna 19 Iliya ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, ya ce ya isa haka. Annabin da wuta ta sauko ta bakinsa a sura ta baya. Allah bai yi masa wa'azi a wurin ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma ya kwanta, aka sake tashe shi ya ci. Magana sai bayan tafiyar kwana 40. Jiki aka fara yi wa jinya.

In barci ya ƙaurace miki makonni, ko kina jin gara ki bi shi, ki faɗa wa wani na kusa yau, ki kuma ga likita. Ganin likita ba ƙaramar bangaskiya ba ce, kamar yadda kai yaron asibiti bai zama rashin bangaskiya ba.

Mai Makoki:
Barci sai wajen asuba. Ba na tunanin cutar da kaina, amma nakan ce da ni aka ɗauka aka bar shi. Zan je, na gode Anti.

Kaka Mai Jikoki:
Ina so in koma kan ninki biyun nan da yaron can Soja ya ambata, don an sha faɗa mini shi lokacin da na binne na farko. "Allah zai ba ki wani." Kamar kaza ce ta ɓata. Na haifi huɗu bayansa, ba wanda ya zauna a gurbinsa.

Amma wata rana na zauna na ƙirga da kaina. Tumakin Ayuba 7,000 suka zama 14,000. Raƙuma 3,000 suka zama 6,000. Shanu da jakuna duk an ninka. 'Ya'ya fa? Yana da maza 7 mata 3, aka ba shi maza 7 mata 3. Ba a ninka ba. Na ce to me ya sa? Sai zuciyata ta ce mini, ai dabbobin sun tafi ke nan, amma goman farko ba su ɓata ba, suna nan a ajiye. Goma a can, goma a nan, ashirin ke nan. Ni dai tun ranar in an tambaye ni 'ya'yana nawa, da su nake ƙirgawa.

Ɗalibin Tauhidi:
Kaka, masu fassara da dama sun faɗi haka, sai dai nassin kansa bai bayyana dalilin ba, don kada a ɗauka aya ce.

Kaka Mai Jikoki:
Na sani, jikana. Ban ce aya ce ba, na ce zuciyata ce ta faɗa mini. Bar mini kayana.

Ɗalibin Tauhidi:
Na bari, Kaka, a gafarce ni. Bari in biya da wani abu.

Yaya Mai Makoki, abin da aka yi miki ranar binnewa tsohon ciwo ne a cikin ikilisiya. Agustin, wanda ya zama bishop a Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya ta Italiya a shekara ta 387. Ya ba da labari da kansa cewa da ta cika, ɗansa ya fashe da kuka, suka hana yaron. Shi ma ya danne nasa, har aka binne ta bai zub da hawaye ba, don yana ganin bai dace a yi wa mai bi kuka ba. Sai daga baya, shi kaɗai a kan gadonsa, ya sake su suka zubo a gaban Allah. Martin Luta kuma, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, 'yarsa Magdalena ta rasu a hannunsa a 1542 tana da shekara 13. Ya yi mamakin kansa, cewa ya tabbata tana cikin salama amma baƙin cikin ya ƙi sakinsa. Duka biyun a zuciya ɗaya. Matar da ta dafa ki ta faɗi rabin gaskiya, yaron yana wurin Ubangiji. Kuskurenta shi ne zaton wannan rabin yana kashe ɗayan.

Tun da ke mawaƙiya ce, ga abin da nake so ki gani. Zabura 88. Yawancin zaburun kuka sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare. Wannan ba ta juya ba. Aya 18 ce, ta fara da kuka dare da rana, ta zargi Allah kai tsaye cewa shi ya jefa mai waƙar cikin rami, ta ƙare da duhu. A kanta kuma an rubuta cewa waƙa ce, an miƙa ta ga shugaban mawaƙa. Wato an rera ta a sujada. Akwai ranar da mawaƙan Haikali suka tsaya suka rera wannan, ba wanda ya ce su ƙara baiti mai daɗi a ƙarshe. Mu ne muka cire irin waɗannan daga bakinmu, muka bar na rawa kaɗai, shi ya sa ranar da abu ya faru ba mu da abin rerawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ko gorar ba mu ajiye ba.

Kin tambaya ko jin haushin Allah zunubi ne. Mai Zabura 88 haushi yake ji, amma wa yake faɗa wa? Kalmarsa ta farko ita ce ya Ubangiji Allah na cetona. Wanda ya juya baya ya tafi ba ya tsayawa yin faɗa.

Sojan Gicciye:
Na koma na karanta Karin Magana 25:20 da wani ya turo mini a gefe, mai rera waƙa ga mai baƙin ciki kamar mai tuɓe wa mutum riga ne a ranar sanyi. Ta same ni. Yaya, ki yafe mini. Ban taɓa binne kowa nawa ba, kakannina ma suna da rai. Amma har yanzu ina tsoron kada a saba da zama cikin duhu. Littafin Makoki sura 3 ma ai ta ce jinƙansa sabo ne kowace safiya.

Baba Dattijo:
Ta ce haka, ɗana, kuma gaskiya ce. Ka dai lura a ina take: aya 22 da 23 na sura ta uku, a tsakiyar sura biyar na kuka a kan Urushalima da Babila ta ƙone. Mai maganar a cikin toka yake zaune lokacin da ya faɗe ta, bayan ya faɗa kuma ya ci gaba da kuka sura biyu. Shi ya sa take da nauyi. In wanda ke cikin tokar ya faɗa, bege ne. In kai da ke tsaye a bakin ƙofa da fararen kaya ka jefa masa, dutse ne. Tsoronka ba laifi ba ne. In kana so kada ta daɗe a duhu, ka zama irin tsohon nan mai man inji. Ru'ya ta Yohanna 21:4 ta ce Allah ne zai share dukan hawaye, ba a ba mu aikin mu hana su fitowa ba.

Mijin Marigayiya:
Abu ɗaya na manta. Kin ce babansa ma ba ya kiran sunansa. Kada ki ɗauka ya manta. Mu maza an koya mana mu zama bango. Ni a banɗaki nake kuka, in buɗe famfo don kada a ji.

Mai Makoki:
'Yan'uwa, kwana uku ban leƙo ba, ku yi haƙuri. Na karanta kome, wasu sau biyu.

Shekaranjiya da dare na rufe ƙofa na buɗe Zabura 88. Na ce ba zan yi addu'a ba, karatu kawai zan yi. Na fara a zuci, sai na ji ina karantawa da murya. Da na kai inda yake tambaya don me ka ɓoye mini fuskarka, abin da na haɗiye wata 5 ya fito gaba ɗaya. Na kira sunan yaron kamar yadda Mama ta ce, na yi ta kira. Ban san babansa yana bakin ƙofa ba. Ya shigo bai ce kome ba, ya zauna a ƙasa kusa da ni, sai na ji shi ma yana kiran sunan. Ashe katin asibitin yaron yana cikin aljihunsa tun ranar, duk rigar da ya sa sai ya mayar da shi ciki. Ban sani ba, muna gida ɗaya.

Ban daina jin haushi ba. Mai Tambaya, ina tare da kai, da an bar mini shi da ya fi. Ƙanena Soja, na yafe, ba kome. Na je wurin likita jiya. Takalman suna nan inda suke, sai dai na gyara wanda ya kife. Ranar Lahadi zan je sujada amma a baya zan zauna, ba zan sa rigar mawaƙa ba tukuna.

Malam Ɗalibi, bayan 88 wacce zan karanta?

Ɗalibin Tauhidi:
Zabura 13, Yaya. Aya 6 ce kawai, ta fara da "har yaushe" sau huɗu. A aya ta 5 take juyawa zuwa dogara. In kin kai nan kika ji bakinki bai ɗauka ba, ki tsaya a ta 4, ki rufe littafin. Sauran biyun ba inda za su.